Bencin Bakin Ƙofa

Majami'armu ta Matamaye ɗaki guda ce na laka da rufin kwano. Mu 'yan tsiraru ne a gari, kowa ya san miyar da aka kaɗa a gidan kowa. A bakin ƙofa, ta ciki, akwai wani dogon benci marar majingina, bencin horo. Wanda dattawa suka sa a horo, can zai zauna duk Lahadi, ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya taɓa ganga, sai ranar da suka ga ya tuba. Mai shiga sai ya raɓe shi, mai fita sai ya kalle shi.

Yayana ya daɗe a kan bencin nan. Ci-rani ya je Kano, turin baro a kasuwa, ya dawo mana da shan taramol. Wai don jiki ya jure aiki ya fara. Ina nan ranar da ya faɗi a tsakar gida yana shure-shure, kumfa na fita ta bakinsa, innarmu ta zube tana kiran Yesu. Daga ranar ya ce ya bari, kuma ya bari ɗin. Ya ji jiki, ga zufa, ga amai, ga rawar ɗari da tsakar rana. Ni ke dama masa kunu, ni yake zagi. Da rani ya zo ya ƙi bin abokansa, ya kama aiki a lambun rake wajen Ɗan Barto.

Dattawa dai suka ce a ƙara dubawa. Damina ta zo ta wuce, ana ta dubawa.

Ni bakina ba ya iya shiru, tun ina yarinya ake dukana a kan haka. A taron ikilisiya na miƙe, mata na jan zanena in zauna. Na ce, "Mutum yana rarrafe zai shigo, kun ajiye shi a bakin ƙofa. Ina ya fi kusa da shi, bagadi ko titi?" Babban dattijonmu, wanda ya yi mini baftisma, ya ce tun kafin a haife ni bencin yake nan, kuma ikilisiyar da ba horo kasuwa ce. Sabon fastonmu kuwa ya goya mini baya. Aka yi ta ja har yamma, aka tsaya a kan magana: an daina zaunar da kowa a bakin ƙofa, wanda ya yi tuntuɓe ya je ya faɗa wa dattijo a ɓoye, a riƙa zuwa gidansa ana addu'a da shi. Aka fitar da bencin, aka jingina shi a gindin dogon yaro bayan majami'a.

Lahadin farko da Yaya ya zauna cikin maza, na kusa da shi suka ɗan muskuta, ya yi kamar bai gani ba. A hankali aka saba. Aka mayar masa da ganga. Ya yi ƙiba, har ina tsokanarsa cewa raken mutane yake shanyewa. Innarmu ta koma cin abinci da kyau.

Sai bikin Nowel, wato Kirsimeti, ya zo, baƙi daga ƙauyukan Yauri da Kance suka cika ɗakin, wurin zama ya kasa. Wani ya shigo da bencin, ya ajiye shi inda ya saba, don can ne kawai yake shiga. Biki ya watse, benci bai fita ba. Na yi magana, aka ce gobe. Na ja shi waje da hannuna, ina haki, wata Lahadi na tarar an mayar. Wai tsofaffi masu ciwon ƙafa suna son zama kusa da ƙofa. Ana cikin haka aka yi wa fasto canjin wurin aiki.

Lokacin saran rake, aiki ya yi wa Yaya yawa, wani ya miƙa masa ƙwaya, ya haɗiye. Ba wanda ya gani. Shi da ƙafarsa ya je gidan babban dattijo ya faɗa, kamar yadda aka yi alkawari. Ya dawo yana cewa dattijon zai zo addu'a. Muka share tsakar gida, muka shimfiɗa tabarma, bai zo ba.

Ranar Lahadi muna shiga, dattijon na tsaye a ƙofa. Sanda kawai ya ɗaga ya nuna bencin. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya riƙe hannuna.

"Bari, ƙanwata," in ji shi. "Ai wurina ne."

Ya zauna har aka tashi. Cikin makon ya ɗaure kayansa ya bi motar Kano.

Kafin damina abokan ci-raninsa suka kawo mana shi. Musulmi ne dukansu, 'yan unguwarmu, su suka yi jinyarsa bayan ya faɗi a kasuwa, su suka haɗa motar da ta kawo shi gida. Bai kwana biyu a hannunmu ba ya cika. Na tsani kowa a ranar, har da masu kuka.

Da aka kawo akwatin gawarsa majami'a, aka rasa inda za a ɗora shi, don duk bencinan gaba masu majingina ne. Babban dattijo ya waiwaya, ya ce samari su kawo na bakin ƙofa. Suka ɗauko shi ta tsakiyar jama'a, suka ajiye shi can gaba, dab da bagadi, suka ɗora Yaya a kai.