Yadda Na Kira Inshorar Zafi Adashi

Ni dai ban san biro ba, faɗa nake ana rubutawa, amma a wancan lokaci babu macen da ke gabana a unguwarmu a Birnin Gwari. Shekara da shekaru ni ce uwar adashi. Matan da suka baro Randagi da Kusasu tun da daji ya ƙi shiguwa, masu lambun tattasai da masu suyar ƙuli, duk a hannuna suke zubi. In na yanke magana, ba mai ƙarawa.

Ana gab da bazara wasu suka zo da mota, tare da wata 'yar boko mai gilashi, kana ganin hannunta ka san ba ta taɓa hura wuta ba. Wai inshorar zafi suka kawo. Ta yi ta zuba, rabi Hausa rabi Turanci, wai a ba da ɗan abu kaɗan, in rana ta yi tsanani a biya mutum. Da ta gama sai ta dube ni, wai ko Iya ta gane. A gaban mata fa! Na ce mata tun ba a haifi uwarta ba nake wannan harka. Na juya na gaya wa mata kada Turanci ya ruɗe su, adashi ne aka sauya wa suna, duk wadda ta zuba za ta ɗauka. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Ni na fara dangwala yatsa a takardarsu na ba da kuɗi, suka biyo ni.

Bazarar kuwa ta zo da abin da ban taɓa gani ba. Furen tattasai ya kakkaɓe, kaji suka riƙa buɗe baki suna faɗuwa. Wata bazawara maƙwabciyata ta yanke jiki ta faɗi a gaban kaskon suya, sati biyu ba ta ɗaga ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, ɗaukarta ta zo. Na ja ta muka je ofishinsu. Wani ƙato yana shan iskar fanka ya ce mana wai zafin bai kai ba. Wai akwai wani ƙarfe da suka kafa can wani gari, shi ke auna rana, sai ya wuce wata lamba kwanaki a jere ake biya, kuma saura ƙiris ya kai. Na ce to a mayar mana da zubinmu. Ya yi murmushi ya ce ai ba a mayarwa, yana cikin takardar da na dangwala wa yatsa. Ƙarfe! Abin da ba ya gumi, ba ya jin ƙishirwa, shi ne shaida, mu da fatarmu ta soye ƙarya muke.

Bazawarar ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da na ji sauƙi. A hanya ta tambaye ni a hankali ko yaushe ne ɗaukar tata. Na ƙara sauri har muka iso gida. Zagayen adashinmu na ƙarewa, babu wadda ta sake kawo mini zubi. Har yau suna durƙusawa su gaishe ni, amma wani gidan suke kai kuɗinsu.

Rainin da nake wa masu inshorar nan yana nan daram, amma ba zan ce sata suka yi ba. Ni na rufe wa 'yar bokon baki, don kada a ji na ce ban gane ba. Saboda haka, 'yan'uwana mata da manoma, duk wanda ya kawo muku irin wannan, ku tsare shi da tambaya har ya gaji: in zafi bai kai ba ana mayarwa? Kuma a ina ƙarfen yake? In ya ce can wani gari, ku ce ya fara kawo shi bakin murhunku ya wuni.