Tsibirin Malam Yona

A shekarar 2006, Kpakungu unguwa ce ta ɗakunan haya masu tsatsar kwano, lambatu a buɗe, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. A layin da nake magana, gida ɗaya ne ke da firji da janareto, gidan Magdalina mai zoɓo. A firjin nan Malam Yona Shekwolo yake ajiye ruwan allurarsa ta ciwon suga, domin zafi yana kashe ƙarfinsa.

Malam Yona mutumin ƙauyen Garatu ne. Ya yi shekara huɗu a makarantar horar da limaman coci, bai kammala ba, ya fito da Latin da ɗan Girkanci, ya ƙare aikinsa a koyarwar firamare. Ba ya iya ganin kalma bai tono asalinta ba.

Wata safiya Magdalina ta ɗaga kwalbar ta ce, "Baba, wannan ruwan naka mene ne?"

"Insulin, 'yata. Homon ne, wato mai zaburarwa a Girkanci. Sunan kuwa daga Latin, insula, tsibiri. Kowa yana da 'yan tsibirai a cikinsa, nawa ne suka mutu."

Hausar Magdalina ta kasuwa ce. Tsibbu ta sani, tsibiri kuwa ba ta taɓa ji ba. Kafin Lahadi labari ya gama layi: tsohon da coci ta kora ya faɗa da bakinsa, kayan tsibbu yake ajiyewa cikin zoɓon mutane. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Magdalina ta jera masa kwalabensa a bakin lambatu, cikin ranar watan Maris.

Ya bi gida-gida da ƙamus yana nuna shafi. "Baba Tsibbu, karanto mana na farin jini!" in ji Dawuda mai faci, aka tuntsire da dariya. Sai ya koma binne maganin a jiƙaƙƙen yashi, gindin randa. An yanke masa ƙafar hagu a 2008, ya rasu daminar da ta biyo. Ba zan ce zafi kaɗai ne sanadi ba.

Na zanta da Magdalina a 2013. Ta ce cikin wata guda da faruwar abin wata nas ta fayyace mata gaskiya, amma lokacin ciniki ya riga ya dawo, sai ta yi shiru.

Littafin da yake tara asalin kalmomin asibiti yana hannun 'yarsa Talatu. Ya tsaya a harafin I, kuma ba wanda ya ci gaba da shi.