Kukan Dada

Malaminmu na Turanci a firamaren Jimeta ba ya yarda kalma ta zauna a allo kawai, sai an aikata ta. In tsalle ce mu yi tsalle, in dariya ce mu ɓaɓɓake da ita. Ranar da muka iso kan kalmar da ke nufin kuka, wadda bakinmu ya mayar kirayin, ya rubuta ta baƙi-baƙi, ya ce kowa ya fito ya nuna yadda uwarsa take yi. Ajin ya kaure. Wani ya ɗora hannu a ka, wata ta yi ta birgima har da kiran sunayen matattu. Da layi ya zo kaina na tsaya ƙiƙam. Malam ya ɗauka taurin kai ne, ya ja mini kunne. Alhali ni ban taɓa gani ba.

Mahaifiyata, da muke kira Dada, Bafulatanar Yola ce, ni kuwa ɗan farinta. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta zubar mini da hawaye a gaban mutane. Daga ranar nan na sa mata ido, domin so nake in san ko ina da wuri a zuciyarta. Na faɗo daga bishiyar mangwaro, ta ce ai ba ita ta aike ni ba. Zazzaɓi ya kwantar da ni, ta dama kunu ta ba ƙanwata ta kawo mini.

Da aka ƙirƙiro jihohi na sami sakandare a Maiduguri, na ce yau dai zan gani. Ina! Tana tankaɗe ta ce Allah ya kiyaye hanya, ko kai ba ta ɗaga ba. Ni na yi kukan, tun daga bakin Binuwai har muka ƙetare. Haka muka yi ta yi duk ƙarshen hutu, kuma ba zan ɓoye ba, na riƙe ta a zuciya shekara da shekaru.

Bayan rasuwarta, ƙanwarta da muke ce wa Yapendo ta same ni a zaure. Na yi mata ƙorafin nan, da furfurata da komai. Ta dube ni ta ce ashe boko bai ƙara mini wayo ba.

"Duk ranar da ka tafi, sai ta aiko in zo ta yi mini kitso, ko da jiya aka yi shi," in ji Yapendo. "Tana bayana tana kitsawa, ruwa yana ɗiga a ƙeyata. Ban taɓa waiwayawa ba."

Yanzu shekaruna sun wuce waɗanda Dada ta yi a duniya da nisa. Har yau ina so in zauna a gabanta, in ba ta baya, ta taɓa mini kai ko sau ɗaya.