Dawar Bappa a Filin Edith

Duk ɗalibin da ya taɓa cin shinkafa da wake a layin masu abinci na kasuwar Samaru ya san Edith Sati. Ko bai san sunanta ba, ya san muryarta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba ko a cikin coci. Ta haura shekara ashirin a gaban murhu, kuma duk tsawon lokacin nan a gidan haya take kwana a Sabon Gari, irin mai ɗakuna suna kallon juna da banɗaki ɗaya ga kowa da kowa. Ta ga masu gida iri-iri: mai ƙara kuɗi duk sabuwar shekara, da mai cewa ɗansa zai yi aure a ba shi ɗakinsa. Ranar da aka sake tashinta, tana ɗaure katifa a kan kura, ta ce wa maƙwabta ita ma sai ta ba wani haya kafin ta mutu. Suka yi dariya, ita kuwa ta riƙe abin a ranta.

Ba ta san komai game da harkar gidan haya ba sai abin da take tsinta a bakin masu cin abincinta. Kullum kukan ɗalibai ɗaya ne: Samaru ta cika, ɗaki ya yi tsada, wasu har Bomo suke kwana. Sai ta nufi Bomo. Da kuɗin adashi ta sayi rabin fili a gefen gonar wani dattijo da kowa ke kira Bappa. Aka yi shaida a gaban mai unguwa, aka kafa duwatsu a kusurwoyi.

A ciniki ba a cuce ta ba, kunya ce ta kayar da ita. Da damina ta kawo kai, Bappa ya zo har rumfarta, ya gaishe ta da kyau, ya ce, "'Yata, tunda ba ki shirya gini ba, in ɗan yafa iri a wurin kada ciyawa ta cinye shi?" Edith da ke iya tsayar da direban tifa da baki, sai ga ta ta sunkuyar da kai, don sa'an ubanta ne. "Ba komai, Bappa," ta ce. Wannan "ba komai" ɗin shi ya ci mata shekara biyu.

A ƙauye, shuka in ta tsiro ba mai taɓa ta, ko da filin naka ne. Wanda ya sare abinci a tsaye, da shi da zaman lafiya a wurin sun yi sallama. Da shekara ta zagayo Edith ta sauke bulo, ta tarar dawa ta riga ta fito, wannan karon ma Bappa bai tambaya ba. Ta haƙura sai kaka. Kafin kaka siminti ya yi tashin hauka, kuɗin kwanon rufi ya tafi a jinyar mahaifiyarta, bulon kuma ruwa ya yi ta dukansa har gefensa ya soma zaizayewa.

A shekara ta uku, ɗaukar adashinta ta sake faɗowa a farkon damina. Ta je Bomo da zumuɗi, ta iske dawa koriya shar daga wannan dutse zuwa wancan. Ta san in ta sake jiran kaka, bulon zai koma ƙasa, kuɗin zai narke, ɗalibai su dawo su kama ɗakunan wasu, ƙarshenta ta sayar da filin. Dama wani dillalin filaye, Muntasir, ya soma zuwa cin abinci rumfarta fiye da yadda yunwa ke sa mutum.

Yayanta Mordecai, dattijo a cocinsu, ya zaunar da ita. "Ki sayar kawai, Edith. Ke mace ce, kuma baƙuwa a wurin. Kada ki jawo mana magana."

"Baƙuwa a ina, Yaya? A Zazzau ɗin aka binne cibiyata. Fili ɗin nawa ne, da gumina na saya, ba zan sayar ba."

Maginin da ta ɗauko, Kayode, shi ma ya noƙe. "Madam, ni ba zan sa diga a kan dawar mutane ba. Ina da yara."

"Wa ya ce ka sa? Kai dai ja mini igiya ka nuna mini inda ɗaki biyu za su zauna."

Ta jira ranar da aka kwana ana ruwa. Da safe ta rufe rumfa, ta ɗaura tsohon zane, ta shiga filin da fartanya da daro. Ubanta Sati manomi ne a wani ƙauye bayan Wusasa, kuma tun tana yarinya take yi masa dashen dawa. Duk tsiron da ke cikin igiyar Kayode ta haƙo shi da saiwarsa da ƙasarsa, ta datse bakin ganyen, ta bi kunyoyin Bappa tana neman gurbin da iri bai fito ba, ta dasa, ta danne da diddige. Kafin hantsi mutane sun taru a bakin hanya, wani ya ruga ya kira Bappa.

Ya iso yana haki. "Edith, mene ne haka? Abinci kike tumɓukewa?"

Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba. "Bappa, ka zaga ka duba. In ka ga kara ɗaya a yashe, ka kai ni gaban mai unguwa. Dawarka tana nan, matsar da ita kawai na yi."

Ya bi kunyoyin yana taɓa ƙasa da ƙafa, ya rasa abin kamawa. Ya dawo ya ce, "To ai da kin gaya mini."

"Kai ka gaya mini da za ka shuka?"

Wata tsohuwa ta yi salati. Ba a yi wa Bappa irin wannan magana a Bomo. Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya ce, "Mu ga dai in za ta kama." Ya juya ya tafi.

Dashe yakan kwanta kafin ya tashi, Edith ta sani, amma sanin bai hana ta damuwa ba. Ganyen ya yi yaushi kamar alayyahon da ya wuni a rana, masu wucewa suna nuna shi da baki. Ta san in ya mutu, ko ta gina ɗakunan ba wanda zai sayar wa 'yan hayarta ko da ashana a ƙauyen. Kullum kafin ta hura wuta a Samaru sai ta hau acaɓa ta je ta duba. Da aka sake ruwa, dawar ta miƙe. Ranar ta zauna a kan bulo ta yi kuka, sannan ta share ido ta daka wa Kayode tsawa ya soma tono.

Abin da aka samu ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗaki biyu, ɗaya ko filasta babu, da banɗaki a baya. Ta farko da ta zo dubawa wata ɗaliba ce, Peculiar, ta tsaya a ƙofa tana kallon karan dawa da ya fi ta tsawo. "Mama, wannan hostel ne ko gona?"

"Duka biyun. Akwai rijiya kusa, ba hayaniya, kuma ba zan tashe ki don ɗana zai yi aure ba. Kina so ko in ba wata?" Peculiar ta kama, ta kuma kawo ƙawarta ta kama ɗayan.

Da kaka ta yi, Edith tana share gaban ɗakunan sai ga Bappa da dami guda na dawa a bayan keke. Ya sauke a gabanta. Ita 'yar manomi ce, ba ta bukatar bayani: wanda ya noma gonar aro shi ke kai wa mai gona dami.

"Ga na mai wuri," ya ce, yana kallon gefe.

Edith ta durƙusa yadda ake durƙusa wa uba. "Na karɓa, Bappa, na gode. Allah ya ƙara albarka." Ta miƙe, ta nuna sauran filin da tsintsiya. "Amma baɗi kada ka ɓata irinka a nan. In ka tambaye ni, a'a zan ce."