Daminar da Rafi Ya Shiga Makabartarmu

Unguwarmu ba ta da babbar kasuwa ko wani gini da za a kai baƙo ya gani. Tana kan gangare ne, kafin a kai Rafin Guza, kuma abin da aka san ta da shi a arewacin Kaduna makabarta ce.

Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda suka sari wurin. Malamin allo ne daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau, ya biyo masu neman aiki lokacin da Turawa suka mai da Kaduna mazaunin gwamnati. Leburori ne da masinjoji da masu dafa wa Turawa abinci, waɗanda ba su da wurin kwana a bariki, suka kakkafa bukkoki a bakin rafin. Kowa baƙo ne, kowa ya baro danginsa a nesa. Mahaifina ya sha ba mu labarin wani lebura da zazzaɓi ya kashe a wata damina, ba wanda ya san garinsu, iyaka dai an san yana salla. Kakana ya yi masa wanka, wata mata ta ba da farin zanenta aka yi likkafani, aka haƙa masa kabari a gangaren. Daga kansa makabartar ta fara.

Tun daga nan ya zama aikin unguwar. Wanda mota ta kaɗe ba a san danginsa ba, tsohon da ya mutu a tasha, gawar da ta daɗe a asibiti ba a zo nema ba, duk wurinmu ake kawo su. Ina yaro na saba ganin motar asibiti ta tsaya a ƙofar masallaci. Ladan ya yi sanarwa, teloli su bar keke, masu shago su ja ƙofa, ma'aikatan gwamnati da suka taso daga ofis su tsaya a sahu da kayan aikinsu a jiki. Ba a tambayar ko ɗan wane ne. Akwai wani ɗaki a gefen masallacin da ake ajiye makara da diga da shebur da farin yadi, kuma ban taɓa jin yadin ya ƙare ba, don kowane gida ya san lokacin da zai kai nasa.

Mahaifina akawu ne a wata ma'aikata har ya yi ritaya. Da ya rasu, saman makabartar ya riga ya cika, sai aka sa shi a sahun ƙasa, kusa da wata tsohuwar bishiyar mangwaro. A lokacin tsakanin mangwaron da ruwa akwai fili mai faɗi, har mata suna shuka alayyahu a wurin. Rafin ma ɗan ƙarami ne, da rani muna tsallake shi ba tare da mun cire takalmi ba.

Sannu a hankali aka gine duk tudun da ke samanmu, daga wajen Malali har zuwa inda a da gonaki ne. Kowa ya zuba siminti a tsakar gidansa, kowane lambatu aka juyo bakinsa gangare. Masu ɗibar yashi kuma suna ta kwasa daga ƙasa da tifa. Ruwan da ƙasa take shanyewa a da sai ya koma yana taruwa ya sauko mana gaba ɗaya. Filin alayyahun ya tafi a cikin 'yan shekaru, muna kallo, muna cewa za a yi wani abu.

A daminar da nake ba da labari, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati, ina zaune a gidanmu na gado da iyalina da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, mai gadin makabarta ya zo ya same mu a masallaci, ya ce mu zo mu gani da idonmu. Gaɓar rafin ta zabtare ta tafi da kaburbura da dama. A jikin ƙasar da ta rage ana ganin bakin itatuwan da aka rufe mamata da su, ga wani tsumman likkafani yana reto. Muka shiga ruwan har gwiwa muna tsintar ƙasusuwa muna sawa a cikin yadi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ɗago wani ƙashi ya riƙe, ya kasa miƙa shi, don a wannan sahun aka binne matarsa.

Tun ranar muka shiga aikin gayya. Muka nemo buhunan siminti da babu komai a ciki, muna cika su da yashi muna jerawa a gaɓar. Bayan la'asar kowa yake fitowa, har waɗanda suka bar unguwar suka koma Hayin Banki da Kawo, don kowa yana da wani a ciki. Mu jera buhuna har su kai ƙirji, ruwa ɗaya ya zo ya kwashe su kamar ba a yi ba. Washegari mu sake.

Da yake ni ma'aikaci ne, mai unguwa ya ce in jagoranci masu kai kuka wajen hukuma. Na san hanyoyin ofisoshin nan, na san wanda ake gaisarwa kafin a ga wane. Duk da haka, a wuri na farko aka ce mana maganar makabarta ba tasu ba ce, a na biyu aka ce maganar rafi ba tasu ba ce. A na uku wani babban jami'i ya karɓe mu da mutunci, ya ce shi ma kawunsa yana kwance a makabartarmu. Ya turo injiniya, ya zo ya auna, ya ɗauki hotuna, ya ce wurin yana bukatar katangar dutse da kankare, amma ba aikin da za a iya farawa cikin ruwa, sai rani. Na ce masa kafin rani ba abin da zai rage da za a kare. Ya ce ya sani. Ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba, kuma da ma ƙarya ya yi mini da na sami wanda zan yi wa fushi.

Inna ba ta zuwa makabarta, amma ta san komai. Kullum na dawo da laka a ƙafa sai ta bari na ci abinci, sannan ta tambaya ba tare da ta kalle ni ba, da yake ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa.

"Kai, mangwaron yana nan?"

In ce yana nan. Sai ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta taɓa tambayar kabarin kai tsaye ba.

Da ruwa ya ci har ya kusa saiwar mangwaron, muka je wurin liman. Tsoho ne, almajirin kakana ne a da. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta mu tone su mu ɗauke?" Ya ce idan ana tsoron ruwa ya tafi da mamaci, an yarda a ɗauke shi, amma a yi da ladabi, a suturta abin da aka samu, kuma kada wanda ya ga wani abu ya fita ya ba da labari. Sai ya ƙara da cewa kada kowa ya fara da nasa. A bi sahu daga inda ya fi kusa da faɗawa, ko na baƙo ne ko na ɗan gida.

Wannan sharaɗin ya yi mini nauyi. Kabarin mahaifina yana can ƙarshen sahun, kafin a kai gare shi akwai mutane da yawa da ba wanda ya san sunansu. Na yi tunanin in samu masu haƙa mu je mu kaɗai mu ɗauke shi. Na kai har bakin ƙofar ɗayansu, na tsaya, na juyo. Ban san yadda zan kalli dattijon nan da ruwa ya tafi da kabarin matarsa ba idan ya ji.

Muka fara tonon. Babu sauran fili, sai muka riƙa haƙa sababbin kaburbura a kan hanyar da ke ratsa makabartar da gindin katanga. Ƙasar ta jiƙe, shebur yana kamewa, ga hadari kullum a kanmu. Ana cikin haka motar asibiti ta zo da gawar wani da aka tsinta a bakin titi. Mai unguwa ya fita ya tsaya a gaban direban. Sannan ya ce a yi haƙuri, za mu yi masa wanka da salla, amma ba mu da inda za mu sa shi. Aka sallace shi a ƙofar masallaci aka mai da shi mota. Tun da aka kafa unguwar ba a taɓa yin haka ba. Mai unguwa ya koma zaurensa, bai fito sallar magariba ba.

Muna gab da kaiwa ga mahaifina, saura kaburbura kaɗan, aka tashi da wani ruwa tun hantsi. Ina ofis na ga yadda gari ya yi duhu, na bar komai na hau babur. Kafin in iso rafin ya cika ya yi ja, yana tafe da shara da rassan itace. Muna tsaye daga sama mu da yawa, ba wanda zai iya sauka. Na ga mangwaron ya karkata a hankali, ya tsaya kamar zai fasa, sannan ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta buɗe ya kwanta cikin ruwan da duk abin da ke kewaye da shi. Wani ya riƙe mini hannu ta baya. Sai daga baya aka gaya mini wai na fara gangarawa.

Da ruwan ya janye muka bi rafin har inda ya faɗa kogin Kaduna, muna duba cikin ciyayi da tarin leda. Mun sami ƙasusuwa kaɗan. Ba yadda za a yi a san na wane ne. Muka haɗa su a yadi ɗaya muka binne a gindin katanga.

Ranar ban iya cin abinci ba. Inna ta dubi kwanon, ta dubi ƙafafuna, ba ta tambayi mangwaro ba. Na ce mata, "Inna, ban kai gare shi ba." Ta ce ta ji tun da rana, mata sun shigo sun faɗa mata. Ta ce ruwa bai kai shi inda Allah bai sani ba, ta yi masa addu'a, ta yi wa waɗanda suka tafi tare da shi. Sai da ta tashi za ta shiga ɗaki na ga ta dafa bango, abin da ba ta yi a da.

Rani ya zo, ba a fara katangar da injiniya ya faɗa ba. An ce maganar tana nan, ana jiran a amince. Na ci gaba da zuwa ofishin har masinjan wurin ya daina tambayata wurin wa na zo. An rufe makabartar, yanzu idan an yi mana rasuwa sai mu nemi alfarma a wasu unguwanni, wani lokaci a ba mu, wani lokaci a ce su ma a matse suke. Gidajen da ke layin ƙarshe sun fara tsagewa, mutum biyu sun kwashe iyalinsu.

Kwanakin baya Inna ta yi rashin lafiya, na kai ta asibiti aka ba ta magani. A hanyar dawowa, muna cikin Keke Napep, ta ce tana so ta tambaye ni wani abu, kada in ɓoye mata. Ta ce ita tun tana amarya ta san inda za a kai ta, ba ta taɓa tunanin abin ba. Yanzu fa, idan ta cika, ina za mu sa ta?

Na ce mata Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Ta ce amin, amma ba abin da ta tambaya ke nan ba. Gaskiyar ita ce, ni ma ban sani ba.