Takardar da Ka Ba Ni, Sannu-Sannu

Zuwa ga Manajan Kamfani, da Mataimakinsa, da Shugabar Sashen Ma'aikata. Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ni ne Shugaban Masu Gadi, kuma Shugaban Kwamitin Ɗakin Hutu, mai mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Ina roƙon izini a manna wannan takarda a allon sanarwa, domin da hannuna na rubuta ta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, ina bakin ƙofa ina duba motocin kaya, labari ya iso mini cewa Allah ya yi wa mai gyaran lantarkinmu rasuwa bayan jinyar kwana shida. Shi ne wanda muke kira Sannu-Sannu, saboda ba ya taɓa waya sai ya dube ta sau uku.

Sannu-Sannu, kowa ya san alherinka. Kai ka gyara fankar ɗakin gadi ranar hutunka. Kai ne mai shayi ke kai wa butarta duk sanda ta ƙi tafasa. Amma ni abin da ya kawo ni daban ne.

Bara Kwamiti ya yanke shawarar a sama wa ɗakin hutu abin kallo. Ka ce za ka haɗa mana 'yar ƙaramar kwamfuta, girmanta bai wuce sabulun wanki ba, ka zuba mata manhaja ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, a tara finafinai da bidiyon wasan ƙwallon ma'aikata wuri guda. Na ce sayayya haƙƙin Shugaba ne. Ba ka yi musu ba. Ka rubuta abin da za a sayo, ka miƙo mini.

Ya ku shugabannina, a lokacin ban iya karatu ba. Shekara ashirin da biyu ina ɓoye wannan. Na ninke takardar na sa a aljihu. A kasuwa girman kai ya hana ni nuna ta ga mai shago. Na faɗi abin da na riƙe da ka. Da aka zo kan caja, ya ɗauko wata fara mai sheƙi ta wayar hannu, ya ce duk ɗaya ne. Na karɓa.

Ranar buɗewa ɗaki ya cika. Minti goma da farawa hoto ya daskare, wata alama kamar walƙiya ta fito a kusurwar talabijin, na'urar ta mutu ta sake tashi. Ka canza wayar talabijin. Ka zare katin memori na na'urar ka sa wani. Ka ɗora bayan hannunka a kanta ko zafi ta yi. Mutane suna ta tsaki. A nan na miƙe, a matsayina na Shugaba, na ce, "Wannan ai aikin ɗan koyo ne. An ba kura ajiyar nama."

Aka fashe da dariya. Kai kuwa ka bi waya har jikin bango, ka zare cajar, ka juya bayanta ka duba. Sannan ka dube ni.

Ka ce, "Shugaba, takardar nan ka duba ta kuwa?"

Na ce, "Sau uku na karanta ta."

Sai ka juya ga jama'a ka ce, "To, laifina ne. Rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka, ko ni ba na gane shi."

Washegari ka kawo wata caja, na'urar ba ta sake tari ba har yau. Amma magana zarar bunu ce. Duk abin da ya lalace a kamfanin nan sai a ce aikin ɗan koyo. Da za a haɗa irinta a babban ofis, wani aka ɗauko daga waje, kana tsaye kana riƙe masa tsani. Na gani, na kawar da kai.

Bayan mako biyu ka same ni a ɗakin gadi, ka ce, "Yaya, akwai ajin manya ranar Asabar. Ina son in gyara rubutun nan nawa, amma kunya nake ji in je ni kaɗai. Ka raka ni mana." Na ce zan duba ko ayyukana za su bari. Wata bakwai kana zaune kusa da ni a kan benci, kana jan baƙaƙe kamar ba ka san su ba.

Ranar da na iya haɗa jimla, na ɗauko takardarka daga ƙasan akwati. Rubutu ne tsaf, manya-manyan baƙaƙe, yaro ma zai karanta. Layi na uku ya ce: "Cajarta ta musamman. Kada ka karɓi ta waya, ko da an ce maka duk ɗaya ne."

Na yi niyyar zuwa wurinka. Na ce sai ranar taron Kwamiti. Taro ya zo, na ce sai na gaba. Da ka kwanta asibiti na ce sai ka warke. Ga shi ka tafi da sunan ɗan koyo da na laƙaba maka, ni kuma na rage da karatun da ka ba ni.

Saboda haka ina sanar da kowa: Sannu-Sannu gwani ne. Ni na sayo cajar, ni na yi ƙarya.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka da 'ya'yanka huɗu da ƙaninka direba. Allah ya ba su haƙuri. Ina kuma neman gafararsu, tun da taka ta wuce ni.

Waɗanda suka ji abin da na faɗa ranar buɗewa su ne mai kula da sito, da mai shayi, da direban motar ɗaga kaya, da Mataimakin Manaja da kansa. Malamar ajinmu kuma shaida ce cewa babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Takardarka tana manne a ƙasan wannan. Duk mai iya karatu ya karanta layi na uku.