Allurar da Aka Manta a Zanen Gado

Ƙarfe shida na safe Mama Mai Wanki take tura amalanken zannuwa zuwa ɗakin wanki, can bayan asibiti kusa da tankin ruwa. Kafin ta taɓa komai sai ta hura safar hannunta, ta kanga a kunne ko iska na fita. Sannan ta kama zanen gado da yatsu, ta nisanta shi da jikinta, ta karkaɗe. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Ma'aikata kan tsokane ta wai farar kura ce, ita kuwa ba ta taɓa musu ba. Jini take tsoro, kuma jini take wankewa kullum.

Wata Talata abin da take gudu ya same ta. An kawo zane a ƙulle daga ɗakin masu cutar da ke bin jini, tana damƙarsa ta ji suka a tafin hannu. Allura aka manta a ciki, ta huda safa ta shiga nama. Likita ya wanke wurin, ya ba ta magani, ya ce sai bayan wata shida za a tabbatar ko ta kamu.

Wata shida! Abinci ya daina wuce mata. Ta ware kofinta da cokalinta, duk da an gaya mata ba ta nan ake ɗauka ba. In jikarta ta miƙo hannu a ɗauke ta, sai ta ɓoye nata a baya. A coci ma ta daina waƙa.

Kuma ta san mai laifin. Kowace nas da yadda take naɗe zane, mai wanki kuwa ta san hannun kowa. Mutum ɗaya ce ke ƙulle kusurwa huɗu wuri guda kamar ƙunshin kaya, wato sabuwar nas da ko wata uku ba ta yi ba. Shugabar ɗakin ta rantse ranar da ta gano mai wannan sakaci, ranar zai bar aiki.

Mama ta iske yarinyar a bayan ɗakin magani, ido ya kumbura.

"Mama, ni ce," in ji nas ɗin. "Na kashe ki ko?"

"Ban sani ba tukuna, 'yata. Ni ma tsoro nake ji."

"In sakamako ya fito lafiya, don Allah ki yafe mini."

"A'a, ba zan jira takarda ba. Yesu bai jira an zare masa ƙusoshi ba kafin ya yafe. Na yafe miki yau, ko me za ta nuna. Amma tashi mu je ki faɗa da bakinki, kada gobe allura ta soki wata. Ina gefenki."

Masu shara biyu sun ga shigarsu ofis, Mama riƙe da ita da hannun nan mai bandeji. Sun ce ba a gane wadda ta fi karkarwa ba. Mama ta roƙa har aka bar yarinyar da gargaɗi.

Sakamako ya fito lafiya. Nas ɗin nan yanzu ita ce shugabar ɗakin, kuma zane ba ya fita sai ta duba shi da idonta.

Mama, a watan nan kike ajiye aiki. Ke ce matsoraciyar da ba ta taɓa fashin aiki ba. Ke kika nuna mana, mu abokan aikinki, cewa Kirista ma yana jin tsoro, hannunsa yana rawa, amma da hannun nan yake riƙe wanda ya cuce shi. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Mu kuwa da muke jira sai mun ga yadda abu zai ƙare kafin mu yafe, mu tuna cewa ranar da Mama ta ce "na yafe miki", saura mata wata biyar da mako uku ta san ko za ta rayu.